Na'urar da Kakana Ya Koya wa Gaisuwa

Shekara huɗu ke nan da muka raka kakana, Mushe Labo (Mushe laƙabin malamin boko ne a wajenmu), makwancinsa a Madarumfa, a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Ni ce jikarsa Zuwaira. Amma in kuka je garinmu kuka ce kuna neman Zuwaira, za a yi ta yawo da ku gida-gida har ƙafarku ta kumbura. Ku ce kuna neman Inji. Ko akuyar maƙwabta za ta kawo ku ƙofar ɗakina. Shi ya laƙaba mini sunan, kuma a wannan mako na tunawa da shi ina so in ba masu karatu labarin yadda na same shi, da abin da ya biyo baya a bana.

Tsoho, kamar yadda nake kiransa, ya daɗe yana koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, har ta kai rabin masu furfurar garinmu sun san ɗanɗanon bulalarsa, sauran rabin kuma sun gudu ne kafin ta iso kansu. Da ya ajiye aiki, kowa ya ɗauka zai bi sahun sa'o'insa: ɗan lambu a bakin tafki, tasbaha, da inuwar bishiyar bedi. Sai wata rana ya tafi Maradi sayen irin ganyen salati, ya dawo babu iri, sai wani littafi da ya tsinta wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Na Faransanci ne, bangonsa ya ci duniya, da hoton wani yaro yana washe baki gaban wani abu mai kama da talabijin. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa na masu farawa ne, waɗanda ba su san komai ba, kuma duk wanda ya bi shi zai iya ba na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni ta bi. Ba zan faɗi sunan littafin ba, don wataƙila marubucinsa na da iyali.

Tsoho ya zauna a zaure, ya gyara tabarau, ya buɗe shafin farko. Umarni na farko shi ne: kunna na'urarka.

Ya rufe littafin. Ya dubi zauren sama da ƙasa. Akwai tabarma, da buta, da rediyo, da ni, ina ƴar shekara goma sha ɗaya, hannuna a cikin kwanon ƙuli-ƙulinsa. A lokacin na'urar da ta fi kowace wayo a garinmu ita ce injin niƙa na bakin kasuwa. Ko a biro, wato ofishin gwamnati, keken rubutu ne ke ta ƙwas-ƙwas.

Ya ce, “Littafin ya ce a kunna na'ura. Bai ce dole sai ta ƙarfe ba. Zo nan, ja'ira.”

Ya murɗa kunnena na dama. An kunna ni ke nan.

Ya karanta mini dokokin aiki. Na'ura ba ta tunani, ba ta tsammani, ba ta tausayi. Abin da aka rubuta shi take yi, layi bayan layi, ba ƙari ba ragi. Jama'a, tun da aka haife ni ban taɓa samun aikin da ya dace da halina kamar wannan ba. Taurin kan da ake dukana a kansa kullum, yau ya zama farilla. Ya rubuta in ɗebo ruwa, bai faɗi da me ba, na kawo masa a tafin hannu, ɗigo uku suka iso da rai. Ya rubuta in kai wa kakata Inna kifi a madafa, bai rubuta in dawo ba, na zauna can har aka soya na ci kai da jela. Zai taso a fusace, in nuna masa abin da ya rubuta da yatsa, sai ya tsaya, ya karanta, ya sauke numfashi ya ce laifin mai rubutu ne. Mutumin da bai taɓa ba ɗalibi gaskiya ba tun zamanin Turawa, ga shi yana ba ƴar ƙuli-ƙuli haƙuri safe da yamma. Da tsofaffin ɗalibansa sun gani, da sun yi yanka.

Yanzu da nake lise, wato babbar sakandare, na san littafin ba mugu ba ne. Misalansa gajeru ne, kuma akwai amsoshi a baya, wanda ya sa nake ganin marubucin na da tsoron Allah. Amma mai farawan da ke cikin kansa ba irin namu ba ne. Nasa mai farawan yana da na'ura a ɗaka, da kuran, wato lantarki, da ba ya ɗaukewa, da wani ƙwararre a kusa da za a tambaya. Misalansa na lokacin tashin jirgin ƙasa ne, da sanyin ƙanƙara, da kuɗin ruwa na banki, wanda Tsoho ya tsallake yana a'uziyya. Babi na uku yana riƙe da hannunka kamar uwa, babi na huɗu ya ɗauke ka ya jefa tsakiyar tafki ya koma gida. Ga wani tashin hankali: bayanin da Faransanci, amma kalmomin umarnin, na harshen da ake kira Bazik, duk Ingilishi ne. Sai Tsoho ya rubuta kalma ya ba wani direba mai bin hanyar Ɗan Issa zuwa Katsina, ya tambayo masa. Wani lokaci direban ya dawo da fassara biyu masu faɗa da juna, wani lokaci ya dawo da gaisuwa kawai.

Duk wannan Tsoho ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne darasin farko, inda ake sa na'ura ta ce bonjur ta yi shiru. Kalma guda, shi ke nan. Ya ce yaron da zai gaida mutum haka, bai tambayi gajiya ba, bai tambayi gida ba, ba a yi masa tarbiyya ba, ko da a Faransa aka haife shi. Ya rantse sai ya koya wa na'ura gaisuwa irin ta mutane.

Ya sa aka shafe bangon zaure na gabas da farar ƙasa, ya ɗauki gawayi. Wata da watanni yana rubutu yana gogewa. Kowane layi da lambarsa, da kalmar Ingilishinsa, da maganar da na'ura za ta faɗa da Hausa. Ni kuma in karanta layin da ƙarfi, sannan in aikata. Na'ura za ta tambayi wa ke nan. In an faɗi suna, ta ce ina kwana, ta jira amsa. Ina gajiya. Ina gida. Yaya yara. Ya ruwa, kamar yadda muke tambayar masu shiga tafki.

Akwai kuma layi guda na musamman. Tsoho bai taɓa kiran sunan kakata da bakinsa ba, kunyar mutanen da. Sai dai “ke” ko “Uwar Sale”, da sunan babana. Kuma tun aurensu suke rigima guda: miyar kifinta ta cika barkono. Shi ya ce tana so ta kashe shi, ita ta ce harshensa ne na jarirai. To, ya ce inji ba ya jin kunya. Ya rubuta cewa in wanda ya zo sunansa Delu, wato sunan Inna, na'ura ta ce: Delu, ina kwana, don Allah a rage barkono. Ranar da na aikata wannan layin, Inna ta bi ni da muciya har bakin rijiya, shi kuwa yana zaure yana dariya har da tari.

Ranar da abin ya ɓaci, limamin unguwarmu ne ya shigo bayan la'asar. Tsoho ya ce ga dama ta gwaji, ya murɗa kunnena. Na durƙusa na gaida Liman tiryan-tiryan, yana amsawa yana murmushi, yana yaba ladabina, abin da ba a taɓa yi ba a tarihi. Na kai layin ƙarshe. Layin ƙarshe ya ce a koma farkon gaisuwa. Na koma. Liman ya sake amsawa. Na sake komawa. Tsoho ya yi gyaran murya, ya ƙifta ido, ya taka mini ƙafa, amma na'ura ba ta ganin ƙifce. Muka yi ta zagaye har na ga gemun Liman ya ƙara tsawo. Ya miƙe ya ce sai an jima, na ce ina kwana. Ya sa takalmi, na ce ina gajiya. Na bi shi har ƙofar masallaci ina tambayarsa ya ruwa.

Ni dai na sha dariya, amma gari bai ɗauke shi wasa ba. Kafin magariba magana ta zaga cewa boko ya taɓa kan Mushe Labo, yana zane-zane a bango, har ya sa wa jikarsa iska. Mata a wurin niƙa suka riƙa yin shiru in Inna ta iso. Wata ta kawo mata hayaƙi wai a riƙa yi masa. Shi ko a jikinsa. Washegari ya ƙara layi guda a ƙasan bangon: in mutum ya ce sai an jima, na'ura ta ce a gaida gida, ta tsaya. Ya ce littafin ya yi saurin koya masa komawa, ya makara wajen koya masa tsayawa. Inna ce maganar mutane ta zauna wa a zuciya, ba ta kuma tashi ba.

Ciwonsa bai ja ba. Ya kwanta a ƙarshen damina, kafin a gama yankan gero ya tafi. Bai taɓa sa yatsa a kan na'urar da ya yi shekara biyu yana koya wa magana ba. Ya sha cewa ba mallakarta yake so ba, so yake ya gaishe ta sau guda ya ji ko za ta amsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan rasuwarsa, bangon ya zama rigimar gidanmu. Zauren na ƙasa ne, rufin ya fara yoyo, bangon gabas ya tsage. Kowace shekara kafin ruwa ana yaɓe gidaje, namu ma ana yi, ban da wannan bango, domin Inna ta hana. Kuma ba ta da wurin zama sai gindinsa. Nan take tsintar wake, nan take lazimi. Bana tsagar ta yi faɗin da kaji ke shiga su fita ba sallama. Magini ya duba ya gaya wa Baba cewa bangon ba zai ga ƙarshen daminar nan a tsaye ba, a rushe shi a sake. Baba ya roƙi Inna, ya turo ƙannenta suka roƙe ta, ya ce za a kwafe rubutun a takarda a adana mata.

Ta ce, “Takarda mi za ta yi mini, Sale? An ce uban naka ya zare. Wannan bangon ne shaidarsa. In aikin hankali ne, a nuna mini ya yi magana. In ba a nuna ba, ya faɗo mini, mu tafi tare.”

Baba ya daina barci sosai duk ranar da hadari ya taso.

A Maradi nake zaune wurin gwaggona saboda karatu. A kan hanyar lise akwai wani shago inda ake buga wa mutane takardu, kuma a ciki akwai kwamfuta, ko ordinatar in ji ƴan boko, a lulluɓe da zane don ƙura. Mai shagon, Haruna, da ya ji ni jikar Mushe Labo ce, sai ya shafa bayansa, ya ce har yanzu in sanyi ya kama yana tuna bulalar. Na ba shi labarin bango. Ya ce tsohuwar na'urarsa na jin Bazik, in kawo rubutun ranar Lahadi da ba shi da cinkoso, in kawo tsohuwar ma.

Na je gida na kwafe bangon. Yoyo ya wanke ƙasansa, wasu wurare sai baƙin tabo, na kwafe abin da ido ke gani. Inna ta yi shiri kamar za ta biki: zanen da ke ƙasan akwati, turare, da ƙunshin busasshen kifi na Haruna.

Ban taɓa buga rubutu ba. Da yatsa guda na yi ta farautar baƙaƙe, Haruna na nuna mini, har masu shagunan kusa suka taru a ƙofa suna kallon tsohuwa da ta zo ganin inji. Da na gama, Haruna ya danna. Allon ya yi baƙi, sannan ga rubutu fari: Wa ke nan? Shekara biyu na yi ina faɗin wannan tambaya da bakina, yau ga ta a bakin wani.

Haruna ya buga sunansa. Ina kwana, lahiya. Ina gajiya, babu gajiya. Ina gida, yaya yara, ya ruwa. Ina karanta wa Inna da ƙarfi. Haruna ya buga sai an jima. Na'ura ta ce ina kwana. Ya sake bugawa, ta ce ina gajiya. Mutanen ƙofa suka fashe da dariya, wani tela ya ce wannan inji ɗan ƙauye ne, ba ya sakin baƙo. Na waiwaya na ga Inna ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi za ta tashi. Dariyar nan ta san ta, ta wurin niƙa ce.

Ni kuwa sai na ga Liman a gabana yana neman takalmi. Layin da Tsoho ya ƙara a ƙasan bango, shi ruwa ya wanke. Ba ya cikin takardata, amma na karanta shi da ƙarfi sau ba adadi, da lambarsa da Ingilishinsa, kunnena a murɗe. Na ce wa Inna ta zauna, inji biyu ne a ɗakin nan, kuma tsohon ya fi sabon sanin karatun. Na buga layin daga kaina. Haruna ya sake tayar da ita, suka gaisa, ya buga sai an jima. Ta ce: A gaida gida. Ta yi shiru.

Telan ya daina dariya. Haruna ya ce, “Inna, matso. Saura ke.”

Na'ura ta tambayi wa ke nan. Inna ba ta karatun boko, don haka na kama yatsanta muka danna baƙaƙen sunanta tare. Rubutu ya fito. Haruna ne ya karanta mata: Delu, ina kwana, don Allah a rage barkono.

Sannan ta matsa kusa, ta ce a hankali, “Lahiya lau, Malam. Ba za a rage ba.”

Da muka isa gida, ba ta ko cire mayafi ba ta aika aka kira Baba, ta ce a gaya wa magini ya zo da safe. Ta kwashe tabarmarta da kanta ta mai da ƙarƙashin bedi.

Nakan tambayi kaina abin da Tsoho zai ce da ya ga yau. Ina jin da a shagon Haruna zai tare, ya hana shi neman abinci da tambayoyi. Haruna ya nuna mini littafin masu farawa na yanzu, mai kauri kamar tubali, har da disket, wato faifan na'ura, a manne a bayansa. Na buɗe shafin farko. Ya ce a saka disket a cikin na'ura. Ashe har yanzu masu rubuta littattafan nan daga mataki na biyu suke farawa. Da Tsoho ya gani, zai yi tsaki, sannan ya saya, domin bai taɓa raina littafi don ya gaza ba. Yakan ɗauki abin da ke ciki ya cike sauran da abin da ke zaure. In akwai mai shirin rubuta wa yaran ƙasar nan irin wannan littafi, ina roƙonsa ya fara daga wanda ba shi da komai sai gawayi da ƙanwa mai taurin kai. Ya kawo misali da gaisuwa, da rabon ruwa a lambu, da jeren kwale-kwale. Ya koyar da tsayawa tare da komawa. Irinmu suna da yawa, kuma na'urorin suna tafe, ko da a hankali.

An rushe bangon, an tayar da sabo kafin damina ta kankama. Gawayin Tsoho ya koma ƙasa, littafin ma gara ta fara cinsa daga babi na huɗu, wanda ban ga laifinta ba. Gaisuwar tana cikin disket da Haruna ya ba ni, amma ba ita ce babbar gadon ba. Abin da ya rage mini shi ne tsohon da ya koyi duban rubutunsa ya ce laifina ne, ya goge ya sake, ana yi masa dariya bai fasa ba. A hutun bakansin nan na shafe sabon bangon da farar ƙasa. Ƴan matan unguwa na zuwa ranar Asabar, ƙanwata Hadiza ce inji, kuma ta fi ni mugunta nesa ba kusa ba. Liman da kansa ya turo jikarsa, da sharaɗin kada a gwada a kansa.

Ranar da aka gama ginin, Inna ta yi miyar kifi. Na kai loma ta farko, na jira wutar da na saba, ba ta zo ba. Baba ma ya ɗago kai ya dube ni. Na ce, “Inna, barkono ya yi tsada ne a kasuwa?”

Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Ci abinci, Inji, kafin in murɗa kunnen nan in kashe ki.”